Kaza Ta Warke Ta Bar Ni

Gidanmu a Argungu gidan ɗori ne. Kakana ya ɗora, kakansa ma ya ɗora, kuma a shekarun da nake ba da labari, muna cikin jihar Sakkwato, mai riƙe da sana'ar shi ne yayan mahaifina, Bappa Noma. Shi ya raine ni tun ina ɗan shekara huɗu, bayan ruwa ya ci mahaifina. Mutane sukan gudo daga asibiti da siminti a ƙafa, su zo zaurenmu a fasa shi a ɗora musu. Ba a taɓa jin wanda ya fita daga zaurenmu ya nufi asibiti ba. Ni na fara, kuma sai da na ƙetare iyaka biyu don kada ido ya gan ni.

Ni ban gaji ɗorin ba. Boko aka sa ni, na zama malamin firamare a Birnin Kebbi, ina riƙe da aji huɗu. Matata Kulu tana gida Argungu, ni kuwa duk mako biyu nakan hau kekena in je in ga kowa in komo. Wata Lahadi a ƙarshen damina ina komowa da rabin buhun shinkafa a kariya, na wuce Zauro kaɗan, sai tayar gaba ta faɗa wani rami da ruwa ya ci a bakin hanya. Keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na tokari ƙasa da hannun dama, na ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗata, daga nan hannun ya zama kamar na aro.

Manoma suka fito daga fadama da gudu. Daga inda nake kwance zuwa asibitin Birnin Kebbi tafiya ce 'yar kaɗan, har an fara zancen a tare mota, sai wani dattijo ya sunkuyo ya dube ni.

"Ku tsaya! Wanga ai ɗan gidan Noma mai ɗori na. A kai shi asibiti Noma shi ji? Ku tsai da mai zuwa Argungu."

Haka aka ɗora ni bayan wata motar itace, ni da keke da shinkafa, aka mai da ni inda na fito. Alheri suka yi mini iyakar saninsu.

Bappa ya lallatsa kafaɗar ya ce ba karaya ba ce, gocewa ce. Ya sa aka kwantar da ni a tabarma, ya cusa diddigensa a hammatata, ya kama hannun ya ja. Na sha ganin yana yi wa masunta ƙarti haka. Su yi ihu, su zage shi, su zagi wanda ya kawo su, shi ko ko gezau, sai ya ji ƙashi ya faɗa mazauninsa. Ni da azaba ta kai mini karo sai na ce, "Bappa, za ka kashe ni!"

Ya saki.

"Ya shiga," in ji shi. Ya shafe wurin da man shanu mai magani, ya yi tofi, ya ɗaure hannun a ƙirjina da ƙyallen saƙi.

A gidanmu ba a ɗora mutum shi kaɗai. Dangin mai rauni sukan kawo kaza. In ƙafa ce a karya mata ƙafa, in hannu ne a karya fiffike, a ɗora ta da magani ɗaya a rana ɗaya. Ranar da ta taka ko ta tashi, an san ƙashin mutum ya kama. Idan an kwance shi sai a yanka ta sadaka, shi kuma ya sha romo. Kulu ta kawo wata kazarta wake-wake, mai tsiwa, aka yi mata abin da ake yi, aka ɗaure ta a bakin ɗakin da nake jinya. Aka ɗibar mana kwana arba'in, muka zauna muna kallon juna.

Ita ba ta ma jira arba'in ɗin ba. Ran kwana na ashirin da wani abu ta tsinke igiya, ta buga fiffike ta haye kan rumbu, gida ya ɗauka da barka. Da kwanakina suka cika aka kwance ni, sai ga kafaɗa a shafe kamar an sare ta da wuƙa, hannu yana reto. Na yi iya yina, bai rabu da haƙarƙarina da ya wuce taƙi ɗaya ba.

"Jijiya ta tay yi sanyi," in ji Bappa. "Za ta saki."

Kulu ta tambaya ko a kamo kaza. Ya ce, "Ku bar ta tukuna, ƙwai taka shirin yi." Wallahi na ji haushi. Na ce a raina, tsohon nan rowa ta kama shi, ga hannu bai tashi ba, ga romon ma an hana ni.

Daga ranar na shiga wani ɗaurin da ya fi na ƙyalle. Duk wanda ya gamu da ni sai ya ce, "Malam Arzika, barka da arziki, mun ji kaza ta tashi." Me zan ce? In na ce ban warke ba, na ƙaryata kaza, na ƙaryata mutumin da ya ci da ni ya tufatar da ni, na kuma rufe zauren da gidanmu yake ci da shi tun kaka da kakanni. Sai in ce alhamdu lillahi, in miƙa hannun daga ƙasa-ƙasa kamar mai karɓar goro a ɓoye.

A aji kuwa allo ba ya jin kara. Iyakar inda allina yake kaiwa shi ne daidai cibiyata, sai in durƙusa in yi rubutu a gindin allo, na baya ba sa gani. Na gwada hagu, rubutun ya fito kamar tsutsa ta faɗa tawada. Wurin salla ma haka. In an yi kabbara hagu ta tashi, dama ta tsaya a hanya. Idan na je gida, wurina a sahu kusa da Bappa yake tun ina yaro, sai in sa babbar riga in yi kabbarar da sauri cikin hannun riga. Wata shida ina wannan wasan. Rannan hedimasta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, bai ko iya duban idona ba.

"Malam Arzika, mai duba makarantu ya yi magana. Ka nemi magani cikin hutun ga. In hannun ga bai hau allo ba, ba ni da ta cewa."

Asibitin Birnin Kebbi yana nan kusa, amma mai ba da kati surukin unguwarmu ne. Sakkwato ma ba ta tsira ba, ko'ina akwai Bakabe ɗan ƙasarmu. Kafin likita ya gan ni labari ya isa Argungu. Ina cikin wannan ƙunci na zauna teburin mai shayi wata safiya, ina sunkuyar da kai zuwa ga kofi tunda kofin ba ya zuwa gare ni, sai wani direban motar albasa da ake kira Ɗan Zabarma ya zura mini ido. Ya janye wuyan rigarsa ya nuna mini tabon ɗinki a kafaɗa. Ya ce a ƙasar Binin, in an wuce Kandi, akwai asibitin mishan a gindin duwatsu, likitan ƙashi yana zuwa can. Ya ɗaga hannu sama ya juya shi, ni kuwa ina kallo kamar mayunwaci.

Kulu kaɗai na gaya wa gaskiya. Bappa na ce masa an tura ni kwas Zariya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah shi ba da sa'a. Ka kula da hannun ga wurin hawan mota."

Kamba, Gaya, sai gadar Kwara, sai ga ni a tashar Malanbil tsakiyar bazara. Kunnena ya cika da Dandanci da Zabarmanci da Faransanci, ban san ta inda ake kama motar Kandi ba. Sai na ji daga bayana an ce, "Bakabe, ina zaka da hannu guda?" Wani siriri ne mai fara'a, ya gane ni da tsagen fuskata. Ya ce shi mutumin Gulma ne, nan kusa da garinmu, har ya tambaye ni ko ruwa ya ja baya a fadama bana. Kwana biyu kacal da barin gida, amma jin harshen nan sai da idona ya kawo ruwa. Na kwance masa cikina duka.

Ya tafa hannu. Ya ce Allah ne ya haɗa mu, ai likitan da nake nema ya bar mishan, yanzu nan garin yake aiki, ba ma sai an yanka ba, allura ce take narkar da abin. Wa ke son wuƙa? Na bi shi zuwa wani ɗakin kwano a bayan kasuwa, inda wani mai farar riga ya matsa kafaɗata ya gyaɗa kai. Suka ba ni tabarma a ɗaki na kusa. Mutumin Gulma ya karɓi jakata ya ajiye wurinsa, wai garin akwai ɓarayi. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Kwana goma sha biyu na yi a ɗakin nan. Allura safe, allura yamma, kwano yana gasa ni, ɗuwawuna ya kumbura har zama ya gagare ni, hannu kuwa yana inda yake. In na ce zan tafi sai a ce saura uku, in na katse yanzu hannun zai shanye gaba ɗaya. Tsoro ya riƙe ni fiye da ƙofa. Wata tsohuwa mai sai da shinkafa da wake a bakin lungun, wadda kullum takan ƙara mini cokali ɗaya ba tare da na roƙa ba, ita ta cece ni. Ta dubi hagu da dama ta ce da gurguwar Hausarta, "Kai malam, wannan mutum wata da ya wuce shi ɗan Doso ne. Likita kuma, da can shanu yake yi wa allura."

Ranar kasuwa, da mutane suka cika lungun, na tsaya a ƙofar mutumin na ɗaga murya na ce a ba ni jakata. Kunyar idon jama'a ta sa ya miƙo ta. Ta yi sauƙi ƙwarai, kuɗin da ke ciki sun tafi. Na sayar da agogona na hau motar Kandi a tsaye, don zama ba ya yiwuwa.

Asibitin yana nan yadda Ɗan Zabarma ya faɗa, dogayen ɗakuna a ƙarƙashin itatuwan mangwaro, duwatsu a bayansu. Aka ɗauki hoton ƙashina, wani tafinta ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini. Ban yi karatun likita ba, amma na gani da idona, ga turmi ga taɓarya a gefe. Wata bakwai kan ƙashin yana kwance a inda ba gidansa ba. Na tambayi likitan. Aka ce yana wani asibiti can arewa, sai ya gama da na can zai zo. Yaushe? Tafinta ya buɗe tafin hannu.

A asibitin nan ba a dafa wa kowa. Kowane majinyaci da mai jinyarsa, uwa ko mata ko ƙanwa, suna da murhunsu a bayan ɗaki. Da azahar sai ka ga kwanuka suna shigowa, kowanne ya nufi gadonsa. Ni da na zo a sace, ba mai nufo nawa. Kwana biyu ina juya fuska bango lokacin cin abinci, ina yi kamar barci nake.

A rana ta uku na ji murya daga gadon da ke kusa. "Kai mai tsage! Ba Bakabe ba ne? Wa ya fiddo bawana daga ruwa ya kawo shi kan dutse?"

Na juyo. Wani ƙaton dattijo ne, ƙafarsa ɗaya a rataye da igiya, an ɗaura mata jakar yashi. Alhaji Sada, Bakatsine, falken goro, motarsu ta kife wata biyu da suka wuce. Tsakanin Kabawa da Katsinawa kuwa kowa ya san wasa ne, ba a fushi. Na ce, "Ni dai da ƙafata na zo. Kai ne aka rataye kamar naman layya." Ya yi dariya har jakar yashin tana rawa, ya ƙwala wa matarsa kira, "Rabi, ƙaro hannu a tukunya, na tsinci bawa."

Tun daga ranar kwanon Hajiya Rabi biyu yake shigowa. Shi yana da hannu biyu ba ƙafa, ni ina da ƙafa biyu da hannu ɗaya, sai muka haɗa muka tashi mutum guda da ɗan canji. Ni nake ɗebo masa ruwan alwala, in fitar masa da fo, in je bakin hanya in sayo masa taba gari a ɓoye. Shi yake ɗaure mini mazagin wando, yana yi yana cewa ba a taɓa yin ubangida mai shan wahala irinsa ba.

Mako biyar muna jiran likita. Hutu ya ƙare, aka koma makaranta ba ni. Na rubuta wa hedimasta wasiƙa da hannun da ba ya tashi, takarda a kan cinya, na ba wani direba, ban san ko ta isa ba. Komawa gida ba hali, don me zan ce na koyo a kwas? Ci gaba kuma babu inda za a ci. Kullum in zauna a gindin mangwaro ina kallon ƙofar asibiti, duk farar motar da ta shigo sai in miƙe tsaye. Ranar da aka yi ruwan fari, ƙanshin ƙasa ya taso, na tuna yanzu ana can ana gyaran fadama, Kulu tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, ni ina nan ina fama da doya. Na zagaya bayan wurin wanki na yi kuka sosai, ni da gemuna.

Likitan da ya zo wani dogon Bature ne, tsoho, da silifa a ƙafa. Ya dubi hoto, ya juya hannun a hankali, ya tambaya ta bakin tafinta, "Wa ya taɓa shi bayan faɗuwar?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya dube ni ta saman tabarau, bai ja zancen ba. Ya ce da an ja shi sosai ranar farko, aikin minti biyu ne, ko mai ɗorin ƙauye zai iya. Maganar nan ta soke ni fiye da allurar shanu. Yanzu kuwa, in ji shi, nama ya cike gurbin, sai an tsaga an share an mai da ƙashin. Kada in sa rai hannun zai koma kamar da. Zuwa kunne, wataƙila. Sama da kai, ba ya alkawari. Sannan ya ce ana son dangi ya sa hannu a takarda kafin a shiga da ni.

Ni kuwa ba ni da kowa a wurin. Sai Alhaji Sada ya ɗago daga gadonsa. "Kawo nan. Bawana ne, ni ke da shi." Ya dangwala babban yatsa a tawada ya danna. Da za a tura ni ya kama yatsun ƙafata, don su ne kusa da shi, ya yi mini addu'a. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

Na farka da ɗaci a baki da wuta a kafaɗa. Da na duba, sai ga hannuna a ɗaure a ƙirji, daidai yadda Bappa ya ɗaure shi, bandeji ne kawai a madadin saƙi. Aka ce mako shida. Na lissafa, kwana arba'in da biyu. Na ce wa Alhaji, "Ka ga ikon Allah. Na ƙetare iyaka biyu don a sake yi mini ɗori, sai dai babu kaza." Dole na ba shi labarin gidanmu duka, abin da ban gaya wa kowa ba a ƙasar. Bai yi dariya ba sai da na kai ƙarshe.

"To ni ne kazarka," ya ce. "Ranar da na taka, kai ma ka ɗaga."

Kwanakin nan sun fi na farko tsawo. Ƙaiƙayi a ƙarƙashin bandeji inda yatsa ba ya kaiwa, barci a zaune, riga a yafe kamar mayafi. Cin tuwo da hagu ya gagare ni don kunya, sai Hajiya Rabi ta sayo mini cokali ta ajiye a kwanon. Kuma ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ɗaurin. An taɓa kwance ni na ga abin da na gani, saboda haka duk wanda ya ce mini saura kaɗan sai in ji kamar in mare shi.

Da aka kwance, kafaɗar ta dawo da tudunta, amma hannun ya ƙage kamar icce. Aka miƙa ni ga wata nas, mutuniyar Bargu, gajera mai damtsen dakau. Ita ke motsa gaɓoɓin waɗanda aka yi wa aiki. Ta kwantar da ni, ta danne allon kafaɗata da hannu ɗaya, ta kama gwiwar hannun ta tura sama. Na yi ihu. Na kira Bappa, na kira uwata da ke kabari, na ce za ta kashe ni. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta ci gaba da turawa tana hira da wata a taga, sai da ta kai inda take so ta saki. Kullum haka. Bayan ta gama sai ta tsai da ni a gaban bango in riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo, ta ja layi da gawayi a inda na tsaya. Wani makon layin ya hau da faɗin yatsa biyu, wani makon ya ƙi motsi in kwana da baƙin ciki. Na tsani matar nan a lokacin. Yau ba na salla ban sa ta a addu'a ba, ko sunanta ban riƙe daidai ba.

Alhaji Sada ya riga ni. Aka sauke masa jakar yashi, ya taka da sanduna biyu daga gado zuwa ƙofa, ya juyo yana haki ya ce, "Kaza ta taka, saura kai." Bayan mako guda danginsa suka zo da mota. Hajiya Rabi ta bar mini tukunya da sauran gero, shi kuma ya bar mini butarsa. Ban sake ganinsu ba. Gadon ya koma hannun wani da ba ma jin maganar juna, ɗakin ya yi mini faɗi. Kwana tara bayan tafiyarsu, ina tsaye zan yi sallar walha a gindin mangwaro, na yi kabbara, sai na ji babban yatsana na dama ya taɓa fatar kunnena. Na kasa karanta Fatiha, sai da na sake niyya.

A motar Ɗan Zabarma na komo, bisa buhunan masara. Na fara sauka Birnin Kebbi. Wasiƙata ta isa, hedimasta ya raba ajina tsakanin malamai biyu ya rufa mini asiri. Ya miƙo mini alli. Na rubuta sunan makaranta daidai tsayin goshina. Sama da nan har yau ba nawa ba ne, amma na baya suna gani.

Na isa Argungu ana kiran la'asar, shekara guda cif bayan faɗuwata, shinkafa ta fara ja a fadama. Bappa yana zaure yana alwala. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

"Kwas ya ƙare?"

"Ya ƙare, Bappa."

"Madalla. Mu tai masallaci."

Na tsaya a wurina kusa da shi. Ba babbar riga a jikina, 'yar shara ce. Liman ya yi kabbara, na ɗaga hannu biyu har kunne. Sahu duka ya kabbarta, amma na gefena shiru. Sai da aka ɗan jima na ji tasa ta fito, muryar tana rawa.

Da muka koma zaure ya sallami masu jiran gaisuwa, ya saki asabari. "Tuɓe rigag ga," ya ce.

Na tuɓe. Ga tabo nan daga kan kafaɗa har kusa da hammata, da sawun zare gefe da gefe, ba abin da za a ce kwas ne ya yi shi. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na guje wa shekara guda. Sai na ji babban yatsansa yana bin tabon a hankali. Ya kama gwiwar hannun ya juya, ya sa ɗayan tafin a kan gaɓar yana saurare da shi, yadda yake yi wa kowa.

"Yanzu ya shiga," ya ce. "Wanda yay yi aikin ga ya san ƙashi."

"Bappa, ka gafarce ni. Ƙarya na yi maka."

"Ni niz fara." Ya zauna a kan buzunsa. "Tun ran nan nis san bai shiga ba. Shekara arba'in ina jan ɗiyan mutane suna kuwwa, ban taɓa saki ba. Kai kak kira sunana, hannuna yam mutu. Da nis so in sake, wuri ya kumbura, kaza kuma tat tashi, gari duk ya ji. Duk zuwan da kay yi gida kana kusa gare ni ga sahu, Arzika. Kana ɓoyo cikin hannun riga, ina ganin ka."

Fushi ya taso mini. Na tuna durƙuso a gindin allo, da ɗakin kwano na Malanbil, da kukan bayan wurin wanki. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta rage mini duk wannan. Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"In na hwaɗi, gidan ga ya mutu. In na yi kurum, hannunka. Kullum ina cewa gobe." Ya share fuska da tafinsa. "Da kac ce Zariya, na san ba Zariya ta ba. Rannan niy yi kwanan da ban yi ba wata shida."

Ban taɓa ganin Bappa ƙarami ba sai ranar. Fushin bai tafi duka ba, ba zan yi ƙarya ba, amma ya rasa wurin zama. Ana jin dakan mata daga cikin gida. Can sai ya ɗaga murya.

"Kulu! Kamo kazag ga."

Sai a lokacin na gane. Ga ta nan Kulu ta riƙo ta tana kyarkyara, wake-waken nan mai tsiwa, 'ya'yanta har sun fara nasu ƙwan. Kulu ta ce sau uku ana baƙi a gidan tana cewa a yanka ta, yana hanawa, har Sallah ta zo ta wuce. Bappa ya zaro wuƙa daga kube, ya juya ta, ya miƙo mini ƙotar.

"Da hannunka na dama," ya ce.

Ta tsufa, namanta ya yi tauri kamar igiya, Kulu ta ƙone itace da yawa kafin ya nuna. Aka kawo romon a kwanon sha aka ajiye a gabana. Na ɗauka da hannun dama na kai baki, ban sunkuyar da kai ba. Bappa bai taɓa nasa ba. Yana zaune yana kallon gwiwar hannuna tana tashi, har na shanye.